Jar Wayar da Na Manta a Teburin Malam Haladu Mai Rediyo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan labarin ya iske ni. Ina tsugune a ƙofar shagona a Ikara ina kwance bayan wata inbata, na'urar nan mai juya wutar batir ta zama ta gida, ko shayi ban sha ba, sai ga kiran maƙwabcin Malam. Bai ma bari mun gama gaisawa ba ya ce, "Sabi'u, sai haƙuri. Malam Haladu ya cika bayan asuba. Ƙarfe sha ɗaya za a yi masa sutura."

Na ce wane Malam Haladu.

Sai ka ce na san wani bayan shi.

Malam Haladu mai rediyo na Makarfi. Mutumin da ya koya min riƙe ƙarfen dalma, wanda duk abin da nake ci da iyalina a yau daga hannunsa na samo.

An kai shi makwancinsa, na dawo. Yanzu la'asar ta wuce, ina zaune a shago na rufo ƙofa. Kuma ba mutuwar kaɗai ke damuna ba. Akwai maganar da na ɓoye wa bawan Allahn nan wata huɗu cur, kullum ina cewa sai na sami lokacin da ya dace. Yau na sa kafaɗa na taya ɗaukar makararsa da maganar a cikina.

Ku yi min haƙuri, rubutun zai yi tsawo.

Wanda bai san Malam ba, bari in ba shi abu ɗaya. Ranar kasuwa tsofaffi kan zo daga Gazara da Nasarawan Doya da rediyonsu a naɗe cikin ɗankwali, wai ta mutu. Rabinsu batir ne kawai suka sa a juye. Malam ba zai taɓa faɗa ba. Sai ya juya baya, ya ɗan ƙwanƙwasa nan, ya hura can, ya gyara batirin a ɓoye, ya miƙa ya ce, "Gajiya ce ta yi, Iya. Ta huta yanzu." Na taɓa tambayarsa me zai hana ya faɗa musu gaskiya. Ya ce, "Ta yi tafiyar awa biyu, kuma in sallame ta da kunya?"

Ni kuwa sunan da ya sa min Sarkin Gaggawa. Ban taɓa musa ba, don ya dace da ni. Har na buɗe nawa shagon, na yi aure, na fara furfura a gemu, in na yi sallama sai ya ce, "A'a, Sarki ne da kansa? Yau wa ka bari yana jira?"

Abu biyu ne ba ya wasa da su a wajen aiki.

Duk abin da ya gyara, sai ya yanki 'yar takarda ya rubuta abin da ya lalace da abin da ya jawo lalacewar, ya manna ta da salatif a cikin murfi. Yana cewa mai gyaran da zai buɗe bayanka ɗan'uwanka ne, kada ka bar shi yana lalube. Kuma ba a yi wa takardar ƙarya. In kai ka ƙona abu da hannunka, haka za ka rubuta. Har yau akwai rediyoyi a ƙauyukan nan da sunana ke ciki: "Sabi'u ya juya waya."

Na biyun shi ne ƙwan gwaji. Yana da wani katako da ya kafa wa soket da ƙwan fitila irin na da, mai zare a ciki. Duk tsohon kayan wuta da ya daɗe a ajiye, ba ya jona shi kai tsaye, sai wutar ta bi ta cikin ƙwan tukuna. In akwai ɓarna a cikin kayan, ƙwan zai kama da haske tar, ya shanye wutar, kayan su tsira. In ƙwan bai kama ba, to lafiya lau, a ci gaba. Shekara da shekaru ƙwan nan bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Ku riƙe wannan, don a nan maganar take.

Bara bayan an gama girbi ya kira ni, muryarsa kamar wanda aka yi wa haihuwa. "Sarki, bar abin da kake yi ka zo ka ga abin da na tsinta."

Osiloskof ce. Ga waɗanda ba 'yan sana'armu ba, wata na'ura ce mai ɗan gilashi a gaba kamar ƙaramar talabijin, wadda ke zana wutar lantarki ta zama koren layi, ka ga hawanta da saukarta da idonka. Tsohuwar gaske, irin ta da mai bawul a ciki, wato ƙwayayen gilashi irin na tsohuwar rediyo, ga nauyi, sai mutum ya yi bismilla kafin ya ɗaga. A kurar wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ɗan Kudan ya gan ta, har mutumin ya ɗauko guduma zai fasa ya ciri jan ƙarfen ciki. Malam ya riƙe masa hannu a tsakiyar kasuwa.

Ya ce tun yana saurayi, lokacin da ya koyi aiki a Kaduna, ya taɓa amfani da irinta, kuma tun ranar yake son ya mallaki tasa. Ya sa mata suna Tsohuwa.

Na yi masa tsiya. Na ce, "Malam, yanzu fa akwai ƙanana kamar wayar hannu, a aljihu ake sa su." Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Inbatocin da kake haɗa wa mutane, ka taɓa ganin wutar da suke fitarwa da idonka? To zauna, Tsohuwa za ta nuna maka."

Da muka buɗe ta, abin ba a cewa komai. Gidan zanzaro biyu, kashin ɓera, ƙura kamar an zuba da gangan. Fis ɗinta ma, ɗan abin nan da ke yankewa in wuta ta yi yawa, wani gwani can baya ya naɗe shi da waya mai kauri, wato ko me zai faru ba zai yanke ba. Malam ya ce sai mun samo na gaskiya, amma kafin nan ƙwan ya ishe mu tsaro.

Daga nan duk Laraba sai in hau babur daga Ikara zuwa Makarfi. Da tsohon burushin haƙori muka wanke ta lungu-lungu. Muka bi maɓallanta ɗaya bayan ɗaya. Muka riƙa cire tsofaffin kondensa, waɗannan 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, muna sa sababbi, wasu sai an aika Zariya, wasu Kano. In zan kai hannu kusa da bayan gilashin sai ya buge ni a gwiwar hannu: "Hannu ɗaya a aljihu! Wutar da ke nan ba ruwanta da girmanka."

Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na watannin nan ba. Yana aiki yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa.

Saura kondensa biyu manya ba su iso ba. Kuma muddin wutar na bi ta ƙwan, ba ta kai ƙarfin da gilashin zai nuna komai. Wata Laraba na ce mu gwada ta kai tsaye, ko minti ɗaya ne. Ya ce a'a. Na sake cewa. Ya ce, "Ta jira shekarun da suka fi naka, za ta iya jiran sati biyu."

Aka kira azahar, ya shiga cikin gida shan magani da alwala.

Na ɗauki wata jar waya mai ɗan maƙali a kowane baki, na kifa katakon, na haɗa gaban ƙwan da bayansa ta ƙasa, yadda wutar za ta tsallake shi. Na mayar da katakon. Na kunna.

Ta yi ɗan gurnani. Na jira. Sai wani ɗigo kore ya fito a tsakiyar gilashin, ya miƙe ya zama layi.

Ni na ga layin nan. Malam bai taɓa ganinsa ba.

Na ji takun takalminsa, na kashe da sauri. Muka tafi masallaci. Ana sallame salla aka kira ni daga Ikara, solar wani ta ɗauke, na yi masa sallama a tsaye na hau babur.

A hanya na tuna ban cire wayar ba.

Wallahi na tsaya. Na gangara gefen titi kusa da wata gonar rake, na ciro wayata, na nemo lambarsa, na tsaya ina kallonta. In na kira, dole in faɗi abin da na yi. Sai na ce wa kaina ai ba zai kunna ba sai na dawo Laraba. Na mayar da wayar aljihu na ci gaba da tafiya.

Ranar Juma'a da hantsi ya kunna ta shi kaɗai, don ya auna wani abu. Ya kalli ƙwan, ƙwan bai kama ba. A wurinsa hakan na nufin lafiya. Sai ya bar ta ta ɗumama, ya juya yana neman wani littafi a kwali. Ɗaya daga tsofaffin kondensan nan ta ba da kai, taransfomar ciki ta ɗau zafi ta fara ci.

Babbar 'yarsa, Yaya Rakiya, ita ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ita ta jiyo ƙauri daga tsakar gida. Ta same shi a cikin hayaƙi yana tari, yana laluben soket da tawul a hannu, ya ƙi fita ya bar Tsohuwa. Da ƙyar ta janyo shi. Dama yana da ciwon ƙirji. Kwana uku ya yi a kwance.

Ranar ta sa wa ɗakin aikin kwaɗo, ta ce Baba ya gama taɓa wuta.

Da na je duba shi, yana kishingiɗe, Yaya Rakiya na zaune gefe idonta jajur. Ya riƙo hannuna ya ce, "Sarki, ranar kafin Rakiya ta rufe ɗakin na sami jar waya a ƙarƙashin katakon. Ban san lokacin da na sa ta ba. Na yi ta tunani, wallahi ban tuna ba." Dama kwanakin ya fara manta inda ya ajiye tabarau, yana kiran jika da sunan wani. Sai ya haɗa wannan da wancan, ya yanke wa kansa hukunci.

Kun san abin da na ce?

Na ce, "Allah ya kiyaye gaba, Malam."

Shi ke nan abin da na ce. Na kalli idon Yaya Rakiya, tsoro ya kama ni, na haɗiye maganar. Na ce sai ya warke. Da ya warke na ce sai ranar da ba kowa. Ranar da ba kowa na ce ai ya fara mantawa da zancen, kada in tayar masa. Kowane sati maganar na ƙara nauyi, ni kuma ina ƙara zama matsoraci.

Bai manta ba. Ya daina karɓar rediyo. Tsofaffin nan na Gazara in sun zo sai ya tura su wurin wani. Ko batirin tocilansa zai canza sai ya miƙa wa na kusa ya ce a duba masa ko daidai ya sa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana rufa wa masu juya batir asiri.

Ban ce hayaƙin ne ya kashe shi ba. Kwana ne ya ƙare, na sani, na yi imani. Amma tarin nan bai sake shi ba tun ranar, kuma zuciyata ta ƙi barin wannan lissafin.

Ganina da shi na ƙarshe Larabar da ta wuce ne. Na same shi a kan tabarma a ƙofar gida, ya jingina da bangon ɗakin aikin, kwaɗon na saman kansa. Na tafi da niyyar yau ko me zai faru sai na faɗa. Har na shirya kalmomin a kan babur.

Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka kawo min mazarƙwaila don ya san ina so. Na gyara zama na ce, "Malam, akwai wata magana."

Ya ce, "Ni ma akwai. Bari in riga ka, kada in manta, ka san kan nawa yanzu." Ya yi 'yar dariya. "Na faɗa wa Rakiya Tsohuwa taka ce. Taransfoma za a naɗa mata sabuwa, ka ƙirga zagayen tsohuwar wayar kana warwarewa, kada ka yi gaggawa. In layin ya fito ka ɗauko ta ka kawo min in gani." Sannan ya ce, "Amma ka duba ƙarƙashin katakon kafin ka kunna. Kada ka yi irin tawa."

Ya ce, "To, mece ce taka maganar?"

Na ce ba komai, dama zancen wata inbata ce.

Yau da aka idar da sallar gawa, ƙaninsa ya miƙe ya ce, "Jama'a, Malam ya zauna da ku shekaru. Duk wanda ya saɓa wa, da sani ko da kuskure, ya dubi Allah ya yafe masa." Sahu gaba ɗaya aka amsa, "Mun yafe." Ni bakina ya ƙi buɗuwa. Ni da ya kamata a tsayar a gaban gawar a ce ka nemi yafiya, ni ake roƙo in yafe.

Bayan mun dawo daga maƙabarta Yaya Rakiya ta aiko a kira ni soro. Ta miƙo min mabuɗi ta ce Baba ya bar wasiyyar na'urar. Sai ta fashe da kuka. Ta ce, "Sabi'u, na raba shi da abin da ya fi so a duniya. Kullum sai ya kalli ƙofar nan. Amma ya zan yi? Mutumin da ya fara sa waya bai san ya sa ba, in bar shi da wuta?"

Na karɓi mabuɗin. Na buɗe ɗakin. Har yanzu da sauran ƙaurin a ciki.

Tsohuwa na kan tebur, murfinta a jingine gefe. Na san abin da zan gani tun kafin in juya murfin, don na san Malam. Ashe ya roƙi a buɗe masa sau ɗaya bayan ya tashi daga jinya, don kawai ya manna takardar. Ga ta nan da salatif, da rubutunsa da ya fara karkacewa:

"Taransfoma ta ƙone. An tsallake ƙwai da waya. Haladu ne ya sa ya manta. Tsufa."

A raina na so in ga ya gane. Na so in ga ya rubuta sunana, ko da zagi ne a gaba. Babu. Ya tafi yana ganin hannunsa ne ya ci amanarsa.

Bironsa na nan cikin gwangwanin sukundireba. Na ɗauka. Ban soke rubutunsa ba, ba ni da wannan ikon. A ƙasa na rubuta:

"Ba Haladu ba ne. Sabi'u ne ya sa wayar, ya tuna a hanya, ya ƙi kira."

Na ɗauki murfin na koma soro, na durƙusa, na miƙa wa Yaya Rakiya. Ta karanta. Ta sake karantawa. Na faɗa mata komai kamar yadda na faɗa muku, ban rage ba. Na ce mata kan Baba lafiyarsa lau a kan aikinsa har ya koma ga Allah, kuma kwaɗon da ta sa, ni na sa ta ta sa.

Ta ajiye murfin a gefenta. Can ta ce, "Wata huɗu, Sabi'u. Kana zuwa kana cin abincin gidan nan."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Ɗauki na'urar, wasiyyarsa ce, ba zan taɓa ta ba. Amma yau ba ni da abin da zan ce maka. Ka dawo ranar addu'ar uku."

Ban san abin da za ta ce ranar ba. In ta ce kada in sake taka gidan, ta yi daidai. Kafin in fito na nemi izininta in rubuta wannan, don mutanen Makarfi da yawa sun ji an ce Malam ya rikice har ya kusa ƙona gida. Ta ce, "Wannan kam ka rubuta."

To ga shi na rubuta. Malam Haladu bai rikice ba. Duk wanda ya ji wancan zancen, don Allah ya isar da wannan inda wancan ya kai.

Malaman da ke cikinku, ku taimake ni da amsa, ko a nan ko ta waya. Wanda ya ɗauki haƙƙin mutum, mutumin ya rasu bai ma san an ɗauka ba, ina zai kai neman yafiyarsa? Abin da ya hana ni sukuni ke nan tun safe.

Tsohuwa na gabana yanzu, da katakon, da ƙwan. Na cire jar wayar daga kwalin da ya ajiye ta, na rataye ta a ƙusa saitin idona. Zan warware taransfomar in ƙirga zagayen kamar yadda ya ce, ko zai ɗauke ni shekara. Sai dai in layin ya fito, ban san wa zan kai wa ya gani ba.

Ya Allah ka jiƙan Malam Haladu. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa bayinka, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka masa shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Yaya Rakiya da 'yan'uwanta haƙurin rashinsa. Ya Allah ka sanar da shi cewa ba shi ba ne, ka sanya masa tausayina ranar da za mu tsaya a gabanka.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya wuce bai yi wa Malam addu'a ba, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. In da saura, ku sa ni a ciki. Jibi zan koma Makarfi.